Dannawa ta Goma Sha Huɗu

Yayata ta yi shekara goma sha tara tana aiki a ɗaki guda, na ƙarshen baranda a makarantar makafi, bango ɗaya ne tsakaninsa da ɗakin karatu inda nake aiki. Duk abin da ɗalibai za su karanta da yatsa daga hannunta yake fitowa: darasi, jarrabawa, jerin ranakun hutu, har takardar jan kunne idan wani ya yi laifi. In ba ta kusa suna kiranta Uwar Ɗigo, saboda rubutun makafi ɗigo-ɗigo ne da inji ke turowa a jikin takarda mai kauri. A gabanta kuwa Malama suke cewa, har su gyara tsayuwa, ko da yake sun san ba ganinsu take yi ba.

Idonta ya tafi tana 'yar shekara tara, bayan wani zazzaɓi mai zafi, lokacin ba a ma haife ni ba. Da mahaifiyarmu ta rasu ina aji biyar, dangi suka taru suna shawarar wanda zai ɗauke mu mu biyu. Yaya ta bari suka gama, sannan ta ce ita za ta riƙe ni, ita kuma ba ta neman mai riƙo. Haka aka yi. Ita ta koya mini guga, ita ke gane na yi ƙarya daga yadda na ajiye jaka. Abu ɗaya ne ba ta yafewa a duniya, a ce mata bari in taimake ki. Ka kama mata hannu a bakin titi, sai ta tsaya cik, ba za ta ɗaga ƙafa ba sai ka sake ta. Mutane na cewa taurin kai ne, ni ma na sha faɗin haka. Amma na san ɗakin nan ne kaɗai wurin da ba ta taɓa jiran idon kowa ba, kuma a kansa ta ɗora rayuwarta gaba ɗaya.

Ɗakin ba abin kallo ba ne. Tebur, kujera, kabad na ƙarfe cike da takarda, sai injin ɗigo, ƙato kamar akwatin tafiya, wanda in ya fara aiki sai ka rantse teloli goma aka tara a ciki. Kwamfutar tana ƙarƙashin tebur, wani akwati da ya zo fari ya koma ruwan ƙasa, shekararsa goma sha shida. Malamai sukan karanta darasi a waya su tura mata muryarsu, ta sa abin ji a kunne ta buga, inji ya fitar, ta bi da yatsa tana neman kuskure. In ta samu, yawanci ba nata ba ne, kuma malamin da ya yi shi zai sha magana kafin a tashi.

Yadda take tayar da kwamfutar abin a tsaya a kalla ne. Da babban yatsan ƙafa take kunna ta, ta jira fanka ta yi gurnani ta lafa, wani abu a ciki ya yi ƙit sau biyu. Daga nan sai ƙirga a kan madannai: maɓallin ƙasa sau uku, babban maɓalli, dama sau biyu, babban maɓalli, haka har dannawa goma sha uku cif. Sai manhajar ɗigo ta buɗe, injin ya yi ɗan tari ya nuna a shirye yake. Da can kwamfutar tana da murya mai karanto abin da ke rubuce, amma Yaya ta ce tana jan magana kamar mai jin barci, ga shi ƙarar injin ba ta barin a ji ta. Da lasifikar ta mutu ba ta nemi wata ba.

Allon kallo kuwa, gilashin nan da masu ido ke dubawa, ni na ɗauke shi. Gara in faɗa tun yanzu. Shekara bakwai da suka wuce allon ɗakin karatu ya ƙone, na leƙa wurin Yaya na ga nata a zaune ba ya yi wa kowa amfani, na tambaye ta me take yi da shi. Ta yi dariya ta ce in kwashe, dama ya tare mata wurin ajiye kofi. Da hannuna na zare wayarsa, na rungume shi na fita ina jin daɗin dabarata. Har Hedimasta ya yaba mini, ya ce irin ma'aikacin da ake so ke nan.

Yaya ba ta kirana a lokacin aiki. Don haka ran wata Litinin da na ji ta ƙwanƙwasa bango, nan take na tashi na nufi ɗakinta. Na same ta zaune, tafukanta biyu a kan madannai, injin ya yi shiru. Ta ce ƙirgarta ta ƙi fita, ta yi goma sha huɗu manhajar ba ta buɗe ba, sai da ta ƙara ɗaya. Na ce ai goma sha uku na sani. Ta ce wannan tsohon labari ne, tun bara ta koma sha huɗu. Wata safiya ce kwamfutar ta tsaya, ta ƙara danna babban maɓalli sai ta wuce, ita kuma ta ɗauka tsufa ne, kamar gwiwar da sai an lallaɓa ta kafin ta miƙe. Amma ƙari biyu a shekara guda bai kwanta mata ba, in kira mai gyara.

Mai gyaran kwamfutocin makarantar shagonsa na bayan tashar mota, kuma ba wanda ke kiransa da sunansa. Ba-Matsala ake ce masa, don ko hayaƙi ke fita daga na'urarka abin da zai fara faɗa ke nan. Ya zo da jakarsa, ya durƙusa ya saurari fankar, ya ce ba matsala, a dai ba shi allo ya ga abin da take cewa. Na koma ɗakin karatu na rungumo allon, shi ɗin dai da na ɗauke. Aka haɗa, aka sake kunnawa, Yaya na dannawa tana ƙirgawa a fili. A ta goma sha uku wani akwatin rubutu ya fito a tsakiyar allon, da jan layi a samansa. Yatsanta har ya nufi babban maɓalli, Ba-Matsala ya ce ta dakata.

Na karanta a zuci, na sake karantawa. 

"Kin yi shiru," in ji Yaya. "Karanta mini."

Sanarwa ce daga kamfanin da ya yi manhajar. Wai sun daina aiki da kwamfutoci masu irin wannan tsohuwar ƙwaƙwalwa, sun ba da wa'adin shekara guda, daga ranar da suka sa manhajar ba za ta ƙara buɗewa a kansu ba. Bayan wannan akwatin akwai wani, sabo, shi ne dannawa ta goma sha biyar, an rubuta da manyan baƙaƙe cewa saura kwana goma. Yaya ta saurara har ƙarshe, sannan ta tambaye ni me aka rubuta a kan wurin da take dannawa kullum don akwatin ya kauce. Na so in yi mata ƙarya, amma ba a yi wa Yaya ƙarya a ɗaki ɗaya da ita.

"An rubuta, Na fahimta."

Ta yi wata gajeriyar dariya ta hanci. Kusan shekara guda ke nan kowace safiya tana shaida wa kamfanin cewa ta fahimta.

Ba-Matsala ya zauna a kan kwalin takarda ya yi mana bayani, yana sosa ƙeya. Ya ce kowace kwamfuta tana da ƙwaƙwalwa, kuma ƙwaƙwalwar iri-iri ce. Masu ƙera wannan irin sun daina tun da daɗewa, masu manhaja kuma suna bin bayansu ɗaya bayan ɗaya. Ita manhajar ɗigo duk sa'ad da za ta buɗe sai ta gaisa da kamfanin ta intanet ta karɓi izini, to nan da kwana goma in ta yi sallama ba mai amsawa. Yaya ta tambaye shi ko akwai abin da ya lalace a cikin akwatin.

"Lafiyarta ƙalau, Malama. Za ta iya ƙara shekara goma. Su ne dai suka gaji da ita."

Daga baya muka gano kamfanin ya yi ta turo saƙonni, amma zuwa adireshin wani magatakarda da ya yi ritaya shekara huɗu baya. Wannan bai rage mini komai ba. Da allon na nan, ko mai shara ce ta shigo za ta ga jan layin ta yi magana.

A ranar muka kira kamfanin. Aka bar mu da kiɗa a kunne kusan rabin awa, sannan wata yarinya mai sanyin murya ta ɗauka. Ta ba da haƙuri sau uku kafin ma ta ji ƙorafin. Ta ce masu irin wannan kwamfutar ba su kai ɗaya cikin ɗari na abokan cinikinsu ba, riƙe su yana hana kamfanin ci gaba, ga kuma batun tsaro, ga sabuwar manhajar ta fi sauri da kyau. Ni na fara ɗaga murya, Yaya ta miƙo hannu ta karɓi wayar.

"'Yata, ku da kuke sayar da kayan makafi, da kuka rubuta gargaɗin nan a kan allo, wa kuka zaci zai karanta?"

Yarinyar ta ce gaskiya yawancin masu amfani da manhajar masu ido ne da ke buga wa makafi, amma za ta rubuta wannan a matsayin shawara. Ban ji haushinta ba, abin da aka ba ta take karantawa. Haushina na waɗanda suka zauna suka duba jadawali suka ga ɗaya cikin ɗari, ba wanda ya ce a leƙa a ga ko wane ne a ciki. Ba mu ce su tsaya da ƙere-ƙerensu ba, su yi ta yi. Ba sauri muke nema ba, ba kyau ba. Abin da Yaya ke bukata shi ne abu ya kasance gobe a inda ta bar shi yau, kuma wannan ne kaɗai ba sa sayarwa.

Ba-Matsala ya yi iya ƙoƙarinsa, ba zan ci amanarsa ba. Ya zare wayar intanet, manhajar ta ƙi buɗewa. Ya mayar da kwanan watan kwamfutar baya, ta gane ta ƙi. Ya nemo wata manhaja ta kyauta, ita ma sabuwar ƙwaƙwalwa take so. Ran Laraba ya fito daga ƙarƙashin tebur, rigarsa jiƙe da gumi, ya buɗe baki zai faɗi abin da ya saba, sai ya rufe. Wannan shirun ya fi komai tayar mini da hankali.

Hedimasta mutum ne mai kirki, kuma yana son sabon abu kamar yadda yara ke son balan-balan. Ya ce ai abin ma alheri ne, akwai wata sabuwar kwamfuta a sito da aka ba makarantar kyauta, siririya kamar littafi. Aka kawo ta. Sai aka ga bakin wayar injin ɗigo, mai faɗi da haƙora ashirin da biyar, ba shi da mashiga a jikinta. Ba-Matsala ya yi kwana biyu yana zagayen kasuwa yana neman mahaɗi ruwa a jallo, har ya samo a wurin wani tsoho mai sayar da tarkacen rediyo. Aka haɗa, injin ya yi tarinsa ya fitar da shafi. Hedimasta ya tafa, ni ma na sauke ajiyar zuciya. Yaya ta ce a matsa ta gwada da kanta.

Sabuwar tana da murya, mai sauri, mai daɗin ji, tana karanta rubutu tiryan-tiryan. Amma da aka zo shafin farko na manhajar, inda ake zaɓar aiki da girman takarda a ba inji umarni, sai muryar ta koma cewa maɓalli, maɓalli, hoto, maɓalli. Masu ido suna ganin ɗan zanen inji da ɗan zanen littafi su san na dannawa. Ba wanda ya sa wa zanen suna, don haka a kunnen Yaya duk ɗaya suke.

Ba ta yi ƙorafi ba. Ta ce in da ƙirga ta yi shekara goma sha shida, da ƙirga za ta ci gaba. Ran Asabar, makaranta ba kowa, muka zauna mu biyu. Ina gaya mata abin da ke ina, tana hudawa a kati da ɗan tsinken rubutunta. Dannawa ashirin da biyu muka samu. Ta yi sau ɗaya ta ɓata, ta sake, ta sake, har ta yi sau uku a jere ba kuskure, ni kuma na juya wa allon baya kamar yadda ta umarta. Da injin ya fitar da shafi na ukun ta shafa shi ta ce, to, ashe dai ba aljani ba ne. Na koma gida ranar jikina sakayau, har mijina ya tambaya ko an ƙara mini girma ne.

Ran Litinin ta gwada ita kaɗai. Ina jera littattafai na ji injin ya kama aiki, na yi murmushi. Sai ya ƙi tsayawa. Da na shiga, takarda ta zubo har ƙasa, Yaya na tsaye tana laluben wayar wuta. Wani akwati ne ya fito yana tallar sababbin abubuwan manhajar, ya cinye dannawa ɗaya, sauran duk suka sauka a inda ba nan ba, injin ya buga wani tsohon gwaji sau arba'in. Muka gyara katin ya koma ashirin da uku. Ran Talata akwatin bai fito ba, amma maɓallan sun canja wuri, don manhajar ta sabunta kanta ba ta tambayi kowa ba. Na kira Ba-Matsala na ce ya hana ta. Ya ce in ya hana ta sabuntawa, izinin ma zai tsaya, haka suka ɗaure abin.

Duk kwanakin nan, tsohuwar kwamfutar ba ta huta ba. Yaya ta bi malamai ɗaya-ɗaya ta ce duk wanda ke da darasi ko jarrabawa, na wannan zango da na gaba, ya turo yanzu. Tun safe injin ke ruri har a tashi. Ta daina fita cin abincin rana, in na kai mata sai in same shi da yamma yadda na ajiye. Kan yatsunta ya yi ja saboda bin ɗigo, ta koma karatu da na hannun hagu. A motar haya in muna komawa, sai in ga yatsunta na motsi a kan gwiwarta, leɓenta na ƙirga, ta tsaya, ta sake daga farko. Ni kuma duk sa'ad da injin ya yi shiru na minti biyu sai in ajiye abin da nake yi in kasa kunne a bango.

A motar ne na ba ta haƙuri. Na daɗe ina juya maganar, da ta fito kuma sai ta fito a karkace, na ce da ban ɗauki allon nan ba da muna da shekara guda ta shiri, wataƙila da an matsa wa kamfanin, wataƙila da an samo wata hanya. Ta bari na gama.

"Ke kin ɗauke wa kwamfutar ido, ni na kashe mata baki. Ta yi ta magana shekara guda ba mai ji. Bar zancen."

Ba lallashina take yi ba, Yaya ba ta iya lallashi ba. Rabon laifin kawai ta yi, ta ba ni nawa ta riƙe nata. Ni dai nawa bai yi sauƙi ba.

Da yammacin Talatar Hedimasta ya kira mu ofis. Ya ce ya yi magana da kamfanin da kansa, sun ce suna sane, gyaran na cikin jerin abubuwan da za su duba nan gaba, ba su dai sa rana ba. Kafin nan abin mai sauƙi ne, tunda ga ni, ƙanwarta, bango ɗaya ne tsakanina da Yaya. Kullum da safe in shiga in buɗe mata manhajar, in zaɓi takarda, aikin minti biyu, in kuma wani abu ya tsaya da rana ta ƙwanƙwasa. Sauran aikin duk nata ne, ba wanda zai taɓa mata. Da zuciya ɗaya ya faɗa, har yana murna ya warware matsala. Na kasa kallon Yaya.

Ta ce ita ƙarfe bakwai take fara aiki, ƙanwarta kuwa sai ta kai yara makaranta, ba ta isowa sai takwas da rabi. Hedimasta ya ce to ai shi ke nan, ta riƙa farawa takwas da rabi, ta samu hutu, shekara goma sha tara ba wasa ba. Na jira ta tashi masa. Na san yadda take yi, ta gyara zama, ta kira mutum da cikakken muƙaminsa, ta wanke shi tas ba tare da ta ɗaga murya ba. Wallahi har addu'a nake ta yi hakan.

"To," ta ce. Ta ɗauki sandarta ta miƙe.

Tunda nake ban taɓa jin ta ce to ba a yi gumurzu ba. 

Laraba ce rana ta ƙarshe. Ta buga har takardar kabad ta ƙare, ta aika aka buɗe sito aka ƙaro. Malamai na wucewa ta baranda suna rage murya kamar masu wuce ɗakin mara lafiya. Ba-Matsala ya zo ba wanda ya kira shi, ya tsaya a bakin ƙofa, ya ce wani lokaci irin wannan wa'adin barazana ce kawai, sai ka ga ranar ta wuce abu na aiki. Yaya ta tambaye shi ko ya taɓa gani da idonsa. Ya ce a'a, amma ya ji labari. Da aka tashi ta jera abin da ta buga a kan kabad, aji-aji, ta kulle ɗakin, ta ce kada kowa ya yi sammako dominta gobe.

Na yi niyyar saɓa mata. Na shirya tun da wuri, amma ƙaramar 'yata ta ɓatar da takalmi ɗaya, motar farko ta wuce mu a cike, ta biyu ta tsaya shan mai. Ina zaune a ciki ina duba agogo ina cewa a raina wataƙila Ba-Matsala ya yi gaskiya, wataƙila in na sauka zan jiyo rurin injin tun daga ƙofar makaranta. Takwas da minti arba'in na shiga. Na tsaya a farkon baranda na kasa kunne. Ana karatu a aji biyu, wani na jan bokiti a bayan sito, ban da wannan ba komai.

Ƙofar ɗakin a buɗe take. Ƙarƙashin tebur fankar tsohuwar kwamfutar na juyawa lafiya lau, alamar ta gwada. A kan allon akwai akwati ɗaya, an rubuta ba a ba da izini ba. Sabuwar na buɗe a gabanta, katin ƙirgar na kan cinyarta, an soke layuka an sake hudawa har ya yi laushi. Ban san sau nawa ta gwada shi ba tun bakwai. Hannuwanta na kan katin, ba sa motsi.

Sai na lura da kujerar. Ta je sito da kanta ta jawo wata, ta ajiye ta a damanta, daidai gaban sabuwar kwamfutar, ta matsar da tata gefe.

"Kin iso?"

Na ce na iso, Yaya, mota ce ta ɓata mini lokaci. Ta ce ba komai, in zauna in duba mata. Na zauna. Wani sabon akwati ne ke tambaya ko muna jin daɗin manhajar, da taurari biyar a jere. Na rufe shi, na danna zanen littafi, na zaɓi takarda, na danna zanen inji. Hedimasta bai yi ƙarya ba, ko minti biyu bai kai ba. Injin ya yi tari. Yaya ta sa abin ji a kunne ɗaya, ta ɗora yatsu a kan madannai. Na miƙe a hankali zan fita, na kai bakin ƙofa ta kira ni, ba ta juyo ba.

"Gobe ƙarfe nawa za ki zo?"